Da Sauƙi

"Wa ya aike ka? Abin da nake tambaya ke nan. Wa ya aike ka?"

"Kai ka faɗa da bakinka, Dogo."

"Kalma biyu na faɗa. Da sauƙi. Kai kuwa ka gyara tsayuwa ka buɗe musu aji, har da nuni da hannu."

"Tafinta aka ce in yi."

"Tafinta, ba mai shela ba!"

Muryar Dogo ta daki rufin kwano ta dawo. A rumfar ajiye jirage suke, bakin wani dogon tafki, kwana biyu da saukarsu ƙasar mutane. Siraran jiragen tsere na jere hawa-hawa a kan ƙarafa, a kife, kamar kifin da aka shanya. Wasu 'yan wasa biyu da ke goge nasu jirgin suka ɗago, suka sake sunkuyawa. Ba su jin yaren, amma sun gane faɗan 'yan gida ɗaya ne.

Dogo na zaune a kekensa na guragu, takarda a cinya, ya murƙushe gefenta. Shekara shida rabonsa da tsayuwa, sunan dai bai rabu da shi ba. Yayansa na tsaye a kansa, tawul a kafaɗa, gorar ruwa a hannu. Malamin makaranta ne. Don ya iya yaren da ake yi a irin waɗannan wurare aka rubuta shi cikin tafiyar, ya zama mai taimako, ya zama baki.

Takardar ita ce masifar. A wannan wasa ba a haɗa kowa da kowa. Masu tuƙi aji uku ne. Akwai masu sauran ƙafa, kujerarsu na zamewa gaba da baya. Akwai waɗanda ƙafa ta tafi amma ƙugu na aiki, su sunkuya su miƙe da kansu. Sai na ƙarshe, waɗanda ba su da komai sai hannu da kafaɗa. Su ake ɗaure wa ƙirji da bel a jikin kujera don kada su kife a kan gwiwoyinsu. Shekara uku Dogo na tuƙi a wannan aji na ƙarshe. Amma gasar ƙasashe ba ta aiki da hatimin gida, sai likitocinta sun duba mutum da hannunsu. Da safe suka duba shi. Takardar ta ce ƙugu na aiki. Aji na tsakiya.

A ajin tsakiya kuwa, a gasar nan, jirgin mutum biyu kaɗai ake tsere da shi, mace da namiji. Su ba su zo da mace ba, ba su zo da jirgin ba. Gobe ƙarfe goma za a jera layi shida, na huɗu ba kowa.

"Maimaita mini," in ji Dogo. "Me matar nan ta tambaya?"

"Ta ce yaya bayanka yanzu, in an kwatanta da lokacin da ka faɗo."

"Na ce me?"

"Ka ce da sauƙi."

"Kai ka ce mata me?"

Yaya ya sauya wa gorar hannu. "Na ce yana samun sauƙi."

"Yana samun! Ina ka samo yana samun? A aljihunka?"

"To ta cire tabarau ta ce kamar yaya. Sai in yi mata zuru? Abin da idona ya gani na faɗa. Shekara biyu kana zama daram ba ka dafa komai ba. Ka ci abinci da hannu ɗaya, ɗayan na riƙe da kofi. Ka ɗaga 'yata sama da hannu biyu tana ƙyalƙyala dariya, a tsakar gida, a gaban Umma. Ƙarya na yi?"

Dogo bai taɓa wannan tambayar ba. Kewaye ta ya yi.

"Da sauƙi gaisuwa ce, Yaya. Gaisuwa! Mutumin da za a binne gobe, ka je yau ka tambaye shi, da sauƙi zai ce maka. Kai da kake koya wa 'ya'yan mutane magana, ba ka san wannan ba?"

"Ni ban san da ni ma gaisuwa kake yi ba."

Maganar ta soki Dogo. Ya shiga laluben wata mai zafi da zai jefa. Kafin ya samu, Koci ya shigo. Gajere ne, sanƙonsa na ƙyalli, usur a wuya, sifana a aljihun baya.

"Ku ci gaba, don Allah kada ku fasa saboda ni. Na je na tambaya, an ce bana babu lambar zinariya a ihu, amma ku yi atisaye saboda baɗi."

Ya zare takardar daga cinyar Dogo, ya miƙar da ita a cikinsa.

"Na shigar da ƙorafi. Ƙarfe huɗu, likitoci daban. Sau ɗaya ake yi. Abin da suka rubuta ya zauna, ko uban wa ya zo." Ya juya. "Malam, je ofis ka karɓo mana lambar jirgi. Kada ka yi sauri."

Sai da takun Yaya ya ɓace Koci ya kifa bokiti ya zauna, idonsa daidai da na Dogo.

"Na karanta sakamakon gwajin. Ba bakin yayanka kaɗai ya kashe mu ba. An ce ka harɗe hannu a ƙirji, ka sunkuya, ka dawo. Ka dawo. Har sau uku. Ni shekara uku ina tsamo ka daga kan gwiwoyinka kamar jiƙaƙƙen wanki. Yau da safe wani waliyyi ya tofa maka?"

Dogo ya kau da kai.

"Gwiwar hannu a cinya, ko? Ka tura a ɓoye, ka wurga kai baya. Na san dabarar, na sha ganinka kana yi wa masu kallo a bakin ruwa." Koci ya shafa sanƙo. "Duk duniya masu ƙara wa kansu ciwo ake kamawa. Ni Allah ya haɗa ni da ɓarawon lafiya."

"Yaya na ɗakin," in ji Dogo, yana kallon ƙasa.

"To?"

"Yana ɗakin, na ce."

Koci ya dube shi. Wasan ya bar fuskarsa.

"Ji nan. In suka ga wasa kake yi da hankalinsu, ba aji kaɗai za ka rasa ba, kora ce. Gaskiya za ka faɗa musu tsirararta. In kunyar yayanka ce, ni zan shiga. Yaren nawa na sayen burodi ne, amma ya isa a ce mutum ba ya motsi."

Hanya mai sauƙi ke nan. Dogo ya gan ta a buɗe. Ya tuna yadda Yaya ya tsaya da safe, fuska fal alfahari, yana ɗaga hannuwa sama yana kwatanta yadda aka ɗaga jaririya. Wani abu ya tafasa a ƙirjinsa, daidai inda jinsa ya ƙare.

"A'a. Shi ya ci, shi zai amayar."

Dogo mai gyaran wutar lantarki ne a da. Tsawonsa ya sa kullum shi ake turawa sama. Inda wasu ke neman ƙarin tsani, shi hannu yake miƙawa. Wata rana da hantsi falwaya ta karye daga gindi, suka sauko tare. Da ya farka a asibiti, fuskar Umma ya fara gani, abin da ya fara ji kuwa, "Yaya jikin?" Ya ce da sauƙi, don abin da ake cewa ke nan. Fuskarta ta washe. Daga ranar kalmar ta zama aikinsa. Maƙwabta, tsoffin abokan aiki, mai shagon kan kwana, direban da ke naɗe masa keke, kowa ya miƙo tambaya ya karɓi amsa, ya tafi da zuciyarsa fes. Shi a bar shi da ƙafafu biyu kamar na aro.

Umma kuwa da gaske ta ɗauka. Takalman aikinsa na ƙarƙashin gadonta, duk ƙarshen mako ta fito da su ta goge. Ta sayo sanda mai kan roba ta rataye a bayan ƙofa, wai don ranar farko, kafin ƙafar ta saba. Likita ya faɗa mata gaskiya tun watan farko, ta ce likita ma mutum ne. Abin da ba ta iya gani shi ne kifewarsa. Ya miƙa hannu ɗaukar cokali, sai ya tafi gaba kamar buhun da ba a cika ba. Ta ɗago shi, ta gyara masa riga, ta shige ɗaki, a jiyo tana jan hanci.

Da Yaya ya yi aure ya koma nasa gidan, Dogo ya koyi hawa keke da sauka shi kaɗai. Ran nan Koci ya jefar da wani tsohon bel na jirgi, ya tsince. Ya ɗauki reza ya tsaga bayan rigunansa uku, tsaga bibbiyu. Ya zura bel ta ƙarƙashin riga, ya fito da shi ta tsagar, ya ɗaure a bayan keke, ya yafa tawul a kai. Ya fito tsakar gida a miƙe kamar soja, ya karɓi kofi da hannu biyu. Tsintsiya ta faɗi daga hannun Umma. Ta yi wata dariya da ya manta tana da ita. Tun daga lokacin shi yake wanke rigunan nan uku, ya shanya su a ɗakinsa, ƙofa a rufe.

A ruwa kaɗai ba a tambayarsa jiki. A can bel ba abin ɓoyo ba ne, a fili ake ɗaura shi, a ja har ya yi ƙara. Agogon Koci ba ya gaisuwa.

Ƙarfe huɗu saura kwata suka bi doguwar baranda, Dogo na tura kansa, Yaya a baya. Sau ɗaya Yaya ya kai hannu ga keken.

"Bari."

Ɗakin fari ne, yana warin maganin goge ƙasa. Benci mai shuɗiyar fata a tsakiya, injin koyon tuƙi a gefe, tebur ɗaya. Likitar wata tsohuwa ce ramammiya mai guntun farin gashi, da wani ƙaton mutum mai taimaka mata. Ta nuna benci. Dogo bai hau ba. Ya buɗe jakarsa ya ciro tsohon bel ɗin, baƙi, ya koɗe, bakinsa duk zare. Ya jefa a tebur. Ya ciro riga, ya juya bayanta, ya zura yatsu biyu ta tsagar, ya ɗaga.

"Yaya, za ka faɗa yadda na faɗa. Kada ka ƙara gishiri, kada ka rage. Kuma da ni za ka faɗa, yadda tafinta ke yi. Ban ce ka ce shi ba."

Yaya na kallon rigar. Ya san ta. Shi ya saya masa.

"Ce mata, ba na iya zama in ban dafa ba."

Yaya ya juya maganar a hankali. Dogo ya gama sakandare, yana tsintar yaren ko da bai iya zuba shi ba.

"Ka ce wani lokaci. Na ji ka. Ban ce wani lokaci ba."

"Dogo..."

"Gyara!"

Ya gyara. Likitar ta ɗauki biro.

"Ce mata, daga yatsa biyu ƙasa da nonona, ba na jin komai. Ko wuƙa, ko wuta. Ce mata ba na iya tari mai ƙarfi sai na danna cikina da hannu. Ce mata da roba nake fitsari, sau biyar a rana, in na makara in jiƙa wando ban sani ba. Ce mata yau kamar ranar da na faɗo ne. Ba abin da ya ƙaru, ko ƙiris."

Yaya na juyawa, jimla bayan jimla. Ni ba na ji. Ni ba na iya. Ni nakan jiƙa wando. Muryar da ke cika aji mai yara sittin ta koma siririya. Dogo na kallon bakinsa yana jin wani mugun daɗi mai ɗaci. Ashe haka kalmomin suke in an fito da su iska. Ashe suna da nauyi a bakin mai ƙafa ma.

"Ce mata abin da ka gani a gida, wannan bel ɗin ka gani. Da shi nake zama. Da shi na ɗaga yarinyar."

Nan Yaya ya tsaya cak. Bai juya ba. Ya ɗauki bel ɗin, ya duba bakin da ya zaizaye, ya manna, ya ja da hannu ɗaya. Ya ɓalle.

"Da wannan? Da wannan tsumman ka ɗaga min 'ya sama da kanka? A kan siminti?"

"Bai ɓalle ba."

"Da ya ɓalle fa? Wata bakwai gare ta! Kai mahaukaci ne?"

"Wa ya miƙo min ita? Wa ya ce Umma zo ki gani?"

"Don ka ce da sauƙi!"

"Me kuke so in ce? Shekara shida, tambaya ɗaya, kuna tsaye a kaina da baki a buɗe kamar 'yan tsaki! Ka taɓa zama ka ce Dogo, ina ne ba ka ji? Ka taɓa? Ka goya ni shekara huɗu kana hawa da ni matakala, kana jin ina lilo a bayanka kamar gawa, ka sauke ni ka ce ai ka fara ƙarfi. Kai ma ka sani! Ba ka so ne!"

"Na ce ka fara ƙarfi don kada ka mutu mana a ɗaki!"

"To ga shi ban mutu ba. Juya mata."

Likitar ta ƙwanƙwasa tebur da biro, ta ce wani abu gajere. Yaya ya goge baki da bayan hannu. Ya juya mata maganar bel da ta yarinyar, duka, bai rage ba. Idonsa a bango.

Aka hau benci. Ƙaton ya riƙe kafaɗun Dogo har ya daidaita, ƙafafu na reto. Wannan karon ba harɗe hannu aka ce ba. Likitar ta ce ya buɗe hannuwa gefe da gefe, ya ɗaga, kada ya taɓa komai. Ƙaton ya saki.

Ko sunkuya ba a kai ga cewa ba. Ya tafi. Ƙirji ya haɗu da cinya, tim. Kai ya rataya tsakanin gwiwoyi. Ba abin da yake gani sai igiyar takalmansa, sabbi fil, gindinsu bai taɓa sanin ƙasa ba.

"Ta ce ka miƙe," in ji Yaya. "Ban da hannu."

Ya gwada. Da gaske ya gwada, don abin da aka ce ke nan. Jijiyoyin wuya suka tashi, kafaɗu na rawa, gumi ya ɗigo daga hanci ya faɗi a takalmi. Daga ƙirji zuwa ƙasa ba wanda ya amsa. Kamar kiran gidan da aka tashi.

Ya ji takun Yaya.

"Kada ka taɓa ni. Kalla. Tsaya nan ka kalla."

Takun ya tsaya. Dogo na nan a kife yana numfashi. Sai da likitar ta ɗaga yatsa ƙaton ya ɗago shi. Aka maimaita ta dama, aka maimaita ta hagu. Aka danna cikinsa, aka ce ya yi tari. Aka ɗora shi a injin tuƙi, da bel, ba bel. Yaya na juya kowane umarni, ba ya ƙara ko wasali.

A ƙarshe tsohuwar ta ajiye biro ta yi tambaya, ba ga Yaya ba, ga idon Dogo kai tsaye.

"Ta ce me ya sa ka yi abin da ka yi da safe."

"Na saba."

Ta daɗe tana juya kalmar bayan an kai mata. Ta yi rubutu mai tsawo, ta buga hatimi. An mayar da shi ajinsa. Da gargaɗi a rubuce, wanda zai bi sunansa duk inda ya je. Kuma gobe za ta bi shi a ruwa ta gani da idonta.

A baranda Koci ya karɓi takardar ya sumbace ta. Ya dubi fuskokin 'yan'uwan biyu, ya mayar da barkwancin da ya tanada cikin aljihu.

Washegari da safe iska na kaɗa tafkin kaɗan-kaɗan. A gadar katakon da ake shiga jirgi, Koci ya riƙe jirgin, Dogo ya zame daga keke zuwa ƙasa, daga ƙasa zuwa kujera, yana jan ƙafafunsa ɗaya bayan ɗaya. Tun fitowarsu daga ɗakin nan Yaya bai ce masa uffan ba. Koci ya kai hannu ga bel, Yaya ya riga shi. Ya durƙusa a katako da wandonsa mai guga, ya zagaya ƙirjin ƙanensa, ya ja. Ya ƙara ja. Ya duba bakin, ya fizga don ya gwada.

"Ya yi?"

"Ya yi."

Ya miƙa masa filafilan tuƙin biyu, ya tashi, bai ce Allah ya ba da sa'a ba.

Mita dubu biyu. Jirage shida, biyun farko su wuce zagaye na gaba. Mai tuƙi baya yake ba wa inda za shi, abin da ya baro yake kallo. Da aka busa, abin da ke gaban idon Dogo shi ne ƙaramin jirgin inji yana biye, tsohuwar a zaune, madubin hangen nesa a fuska. To ki kalla, ya ce a ransa. Kowa ya kalla.

Ya tsoma filafilai, ya ja. Bel ya ciji ƙirji. Ya tsoma, ya ja. A ɗari biyar na farko shi ne na huɗu. Daga gaɓa Koci na bin su a keken aro yana ihun da iska ke yayyagawa. Dogo bai ji ba. Wata ƙidaya ya samu a bakinsa, ba wanda ya koya masa. In filafili ya shiga ruwa, da. In ya ja, sauƙi. Da, sauƙi. Da, sauƙi. Na mai shago. Na direba. Na takalman ƙarƙashin gado. Na sandar bayan ƙofa. Yana tsoma su ɗaya-ɗaya yana danne su a ruwa.

A rabin hanya jirgin layi na biyar ya bayyana a gefen idonsa, ya zame baya. Hannuwa suka fara mutuwa daga yatsu. Ba ƙafa da za ta karɓa, ba ƙugu, kafaɗun nan biyu su ne uwa su ne uba. Bakinsa na ɗanɗanon ƙarfe. Saura ɗari uku ya ga bakin jirgin layi na biyu, jawur, suna tafiya kai da kai. Ya daina ƙidaya. Ya koma wani gurnani da bai san yana da shi ba.

Ƙaho ya yi ƙara. Ya sake yi, sannan ya sake, kusan a haɗe. Dogo ya saki jiki a kan bel, kai a rataye. Da ya iya ɗagowa, babban allo ya nuna layi na huɗu a matsayi na biyu. Jirgin inji ya wuce ta gefensa. Tsohuwar ta sauke madubi, ta gyaɗa kai sau ɗaya, ta juya.

A gadar katako Koci na tsalle kamar an ɗana masa wuta, yana rungumar mutanen da bai sani ba. Yaya ya durƙusa ya riƙe gefen jirgin. Bai kai ga kwance bel ba waya ta yi ƙara a aljihunsa. Ya duba. Ya dubi Dogo. Ya danna, ya buɗe murya don su ji su biyu.

"Na gani! Na gani da idona!" Muryar Umma ce, ana jiyo surutun mutane a bayanta. "Matarka ta kawo min a waya. Na biyu! Gidan nan ya cika. Ina autan nawa? Yana kusa?"

"Ga shi nan, Umma," in ji Yaya.

"Amma ka yi musu magana. Na ga sun ɗaure shi tamau kamar kayan da za a ɗora a mota. Ka ce musu ai ya wuce nan tuni, a gida shi kaɗai yake zamansa. Ba ka gaya musu ba? Kai da ka iya yarensu?"

Ruwa na marin gindin gadar. Yaya na riƙe da wayar a tsakaninsu, hannunsa ɗaya a kan bel ɗin. Dogo na numfashi da baki. Ya dubi yayansa, yayan ya dube shi. Kalmar na nan a kan harshe, a shirye, kamar kullum. Ba wanda ya ɗauke ta.

"Shiru na ji. Ko layin ne? Kuna ji na? Na ce yaya jikin nasa?"